Igiya da Turke Kafin Alli: Koyar da Sunayen Siffofi a Ƙaramar Sakandare

 

Abin da zan yi magana a kai ƙarami ne a ido: 'yan kalmomin nan da yaro ke cin karo da su a darasin lissafi da zarar ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, wato layi da kusurwa da da'ira da alwatika da murabba'i da danginsu. Kafin wani ya ce ai wannan hirar malaman lissafi ce, mu tuna yadda aka yanka ƙasar da muke zaune a kanta. A watan Yuni na 1898, kusan shekara biyar kafin sojan Ingila su shiga Sakkwato, wakilan Ingila da na Faransa suka zauna a Faris suka raba wannan yanki a kan takarda. Iyakar da ta taso daga kudu, wadda a yau ta raba mu da Jamhuriyar Benin, suka ce za ta faɗa kogin Kwara a nisan mil 10 sama da tsakiyar garin Giris, mashigin Illo, kuma a miƙe za a auna, ba bin lanƙwasar ruwa ba. A ɗaya gaɓar kuwa sai suka kafa tsinin kamfas a tsakiyar birnin Sakkwato, suka buɗe shi mil 100, suka ja baka, suka mai da shi iyaka. Sai a 1904 da 1906 aka gyara wannan bakan, don Faransawa sun koka ba su da hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Cibiya, nisa daga cibiya, baka, miƙaƙƙen layi: da waɗannan kalmomi na aji ɗaya aka raba dangi gida biyu, wasu a Lolo wasu a Madekali, kuma ba a tambayi ko ɗaya daga cikinsu ba.

Matsayina a wannan lacca ɗaya ne. Kowace kalma a wannan fanni tarin sharuɗɗa ce, kuma yaro bai san ta ba sai ranar da zai iya cewa wannan siffa ta shiga, waccan ba ta shiga ba, ya kuma faɗi dalili. Don haka abin ya kamata ya fara zuwa hannunsa, dalilin ya biyo baya a harshen da yake tunani da shi, sunan Turanci ya zo ƙarshe ya zauna a kan abin da ya riga ya tsaya. A yawancin azuzuwanmu daga ƙarshen muke farawa. Malam ya zana siffa a allo, ya rubuta ma'anarta da Turanci, yara su kwafa, su maimaita da ƙarfi har a ji su daga bakin hanya. Duk mai shakkar abin da wannan ke haifarwa, gwajin ba shi da tsada. A yanko kwali murabba'i a nuna wa aji, kowa zai faɗi sunansa. A juya shi ya tsaya a kan tsininsa, sai da yawa su ce ya zama “dayamon”. A zana alwatika siririya mai dogon baki, wasu su ce wannan ba ita ba ce, domin ba ta yi kama da ta cikin littafi ba. A zana kusurwa biyu masu buɗewa ɗaya, a tsawaita hannuwan ɗaya, sai a ce mai dogayen hannuwa ta fi girma. Yaran ba daƙiƙai ba ne. Hoto aka ba su, hoton kuma suka riƙe.

Wasu malaman sakandare biyu 'yan ƙasar Holan, Pierre van Hiele da matarsa Dina, sun yi nazarin wannan matsala a azuzuwansu, suka gabatar da sakamakon a jami'ar Utrecht a 1957. Suka nuna cewa fahimtar siffofi hawa-hawa take. A matakin farko yaro na gane siffa da kamanninta kawai. A na biyu yana iya lissafa halayenta: gefe nawa, waɗanne ne daidai, yaya kusurwoyinta. A na uku ne yake ganin yadda hali ɗaya ke jawo wani, har ya yarda cewa kowane murabba'i mustaɗili ne, kamar yadda kowane mutumin ƙaramar hukumarmu ta Bagudo ɗan Kabi ne alhali ba kowane ɗan Kabi ne mutumin Bagudo ba. Abin da ya fi muhimmanci a bincikensu shi ne, ba a tsallake mataki, kuma shekaru ba su ke ɗaga yaro ba, irin koyarwar da ya samu ce. Suka ƙara da cewa malamin da ke magana daga hawa na uku da ɗalibin da ke hawa na ɗaya ba sa jin juna, ko da harshensu ɗaya. To ina ga wanda aka haɗa wa biyu, nisan mataki da baƙon harshe?

Wannan tunani na sharuɗɗa ba baƙo ba ne a ƙasar Gwandu. Yaron da ya karanta Ahalari ko Ishmawi a zaure ya san cewa alwala tana da farillai, idan ɗaya ya faɗi to ba alwala ba ce, komai kamarta da alwala. Shi kansa mai Ahalarin, Abdurrahman al-Akhdari, ya yi littafi a kan manɗiƙi, ya yi wani a kan hisabi da rabon gado, kuma malaman manɗiƙi sun daɗe da cewa ma'ana ingantacciya ita ce wadda ta tattaro duk abin da ya cancanci shiga, ta hana duk wanda bai cancanta ba. Ma'anar lissafi ke nan, ba ƙari ba ragi. Yaron da ya iya jero sharuɗɗan salla zai iya jero sharuɗɗan murabba'i: gefe huɗu, duka tsawonsu ɗaya, kusurwoyi huɗu duka a tsaye. Idan ya riƙe su haka, ko a rataye aka nuna masa kwalin ba zai canza masa suna ba. Laifinmu ne da muka bar yaro yana ɗaukar cewa ƙwaƙwalwar da yake zuwa zaure da ita da asuba dabam take da wadda yake shiga aji da ita da hantsi.

Yaya darasin zai kasance? A fita fili da igiya da turke. A kafa turken, a ɗaura igiya, yaro ya riƙe ƙarshenta da tsinke ya zagaya yana shata ƙasa, yadda mai ginin rumbu ko mai haƙar rijiya ke fitar da bakin aikinsa. A tambayi aji: me ya hana shatar nan karkacewa? Za su ce ai igiyar ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Sun faɗi ma'anar da'ira ke nan da bakinsu, wato duk wuraren da nisansu ɗaya daga cibiya. A lokacin ne za a ce musu wannan tsawon igiya shi littafi ke kira rediyos, ninkinsa da ya ratsa ta cibiya shi ne dayamita. Sannan a kawo zare a auna bakin faifai, da na tukunya, da tayar keke, a gwada kowanne da faɗinsa. Kowane karo zaren zai ba da faɗi uku da ɗan ɗoriya. Yaron da ya ga wannan ɗoriya sau biyar da idonsa ba zai ƙara tambayar daga ina 22 bisa 7 ta faɗo ba, kuma zai yarda idan aka ce masa kusantawa ce kawai, wadda Arkimidis ya kai gare ta fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Haka kusurwar tsaye. Igiya mai tsawon mita 12, a yi mata ƙulli a mita 3 da mita 7, yara uku su ja ta ta miƙe, sai ga alwatika mai gefe 3 da 4 da 5, sai ga kusurwar da magini ke nema da sukwayarsa. Idan sun kai aji biyu aka kawo musu ƙa'idar Fisagoras, 9 da 16 su ba da 25, tsohon sani za su tarar. A ɗaure kara huɗu a tura, za su langaɓe. A ɗaure uku a tura, ba za su motsa ba. Daga nan yaro ya san abin da ya sa kafinta ke cika katakon rufi da alwatika.

Inda na fi so mu dakata shi ne bambancin kewaye da girman fili, domin nan ne kuskuren aji ke komawa asarar dukiya da ɓacin zumunci. Gona mai taki 40 a tsaye 40 a kwance, da wata mai 60 da 20, duk wanda ya zagaya su zai ƙirga taki 160 a kowacce. Amma ta farko ta ƙunshi 1,600, ta biyu 1,200. Rubu'i guda ya tafi, ƙafa kuwa ba ta shaida ba. Ga wani da ya fi shi ɓuya: gona mai gefe huɗu, kowanne taki 40, idan ta karkace har ƙaramar kusurwarta ta koma digiri 30, abin da ke cikinta 800 ne, rabin waccan cif, alhali gefunanta ba su ragu da taki ɗaya ba. Yanzu a ɗauki wannan a kai wurin rabon gado, inda za a fitar wa matar mamaci tumuni, a ba namiji rabon mata biyu. Malamin fara'ili zai fitar da kason kowa daidai a takarda, amma idan aka je fadama, wanda ya iya awon fili shi ne zai sa hukuncin ya sauka daidai a ƙasa. Haka lamunin noman shinkafa da aka ƙaddamar a Birnin Kabi a watan Nuwamba na 2015, da kadada aka riƙa lissafa shi, kamar yadda ake lissafa taki da iri da maganin feshi. Kadada kuwa mita 100 ce sau 100, wato 10,000. Manomin da ya ɗauki gonarsa kadada ce alhali ba ta kai ba, zai zuba taki fiye da ƙima, ya kuma sa ran buhunan da ƙasar ba za ta bayar ba. Mai rumbun da ya ninka faɗinsa ya bar tsayin yadda yake, ninki huɗu zai ci, ba biyu ba. Herodotus, masanin tarihin Girka, ya rubuta cewa wannan ilmi ya samo asali ne a Masar, inda ake sake auna gonaki duk sa'ad da kogin Nilu ya cinye wani sashe nasu. Ko maganarsa ta tabbata ko ba ta tabbata ba, mutanen da suka ga abin da ambaliyar 2020 ta yi wa fadamun Kabi ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan share iyaka da ruwa ke yi.

Wani zai ce, in dai magini da manomi sun san duk wannan ba tare da sun shiga aji ba, mene ne amfanin makarantar? Tambayar tana da tushe. A 1967 John Gay da Michael Cole suka wallafa binciken da suka yi a tsakanin ƙabilar Kpelle ta Laberiya, inda yara ke faɗuwa lissafin makaranta, suka tarar cewa manoman da ba su taɓa zuwa aji ba sun fi Amurkawa masu ilmi iya kintatar yawan gwangwanin shinkafar da ke cikin kwano. Sani yana nan a gari, babu musu. Sai dai sanin sana'a yana da iyaka, domin ya san yadda ake yi, bai cika sanin abin da ya sa ba, kuma wanda bai san dalili ba, ba ya gane ranar da dabararsa ta daina aiki. Magini kan gwada tsakanin kusurwa da kusurwar da ke kallonta, in biyun sun zo ɗaya ya ce ɗaki ya tsaya. Gaskiya ne, amma da sharaɗin bango da bangon da ke fuskantarsa tsawonsu ɗaya; in ba haka ba, ana iya samun gwajin ya yi daidai alhali gaban ɗaki ya fi bayansa faɗi. A ƙarni na 10, Abul Wafa al-Buzjani ya rubuta littafi a Bagadaza musamman don abin da masu sana'a ke bukata na handasa, bayan ya zauna da su ya ga hanyoyinsu da ke gamsar da ido amma ba sa tsayuwa a gaban hujja. Bai raina su ba, daga aikinsu ya fara, ya kai su inda aikin bai kai ba. Aikin malamin aji ke nan. Wanda ya fitar da yara fili suka yi wasa da igiya, bai dawo da su aji ya sa sun rubuta sharuɗɗa sun kare su ba, rabin darasi ya yi.

Suka mafi ƙarfi ita ce ta jarrabawa. Da Turanci ake rubuta jarrabawar kammala aji uku, da shi ake WAEC da NECO, kuma manufar 2022 ta koyar da 'yan firamare da harshen uwa ma, ministan ilmi Tunji Alausa ya sanar da janye ta a watan Nuwamba na 2025. To ba cutar yaro za a yi ba, in aka saba masa da Hausa? Ni ban ce a sauya harshen littafi ko na jarrabawa ba. Kalmar Turanci dole ce, a rubuta ta, a furta ta, a gwada yaro a kanta. Maganata a kan abin da ke ƙarƙashin kalmar ce. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife tun daga 1970, inda aka koyar da yara dukan darussan firamare da Yarabanci, Turanci ya zama darasi guda, ya nuna cewa yaran ba su koma baya a Turanci ba, kuma sun yi kyau a sauran fannoni. Maƙwabtanmu na Nijar sun buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973. Amma hujjar da ta fi kusa da mu tana cikin zaurukanmu. Ɗaruruwan shekaru ke nan ɗalibi na karanta nassi da Larabci, malam na fassara masa gaɓa-gaɓa da Hausa ko Fulatanci. Da wannan hanya aka samu irin su Abdullahin Gwandu, wanda ya yi tafsiri da nahawu da Larabci, da Muhammadu al-Kashnawi, mutumin Katsina da ya rubuta littafi a kan hatimin lambobi a 1732 ya rasu a Alƙahira. Fassarar ba ta hana su Larabci ba, ita ce ta kai su gare shi. Mai tsara tambayar jarrabawa kuma ya san da masu hadda, shi ya sa yake juya siffa, ya sauya haruffa, ya ɓoye alwatika a cikin tsani da bango. Mai haddar aku a nan yake tsayawa.

Akwai kuma masu cewa ba duk yaran Bagudo ne Hausawa ba, ga Fulani, ga Dandawa da Zabarmawa, ga Kyangawa da mutanen Kaoje da Illo masu harsunansu. Haka ne. Sai dai a tambayi kowane malami: yaro ɗan shekara 12 daga ruga ko daga tunga, wanne ya fi ji, Hausar kasuwa ko Turancin littafi? Ban da haka, igiya da turke ba su da ƙabila. Idan abin ya riga ya shiga hannu, malam na iya tambayar yaron yadda ake faɗinsa a gidansu, aji ya ƙaru. Tsallaken iyaka, a Segbana da Malanbil, da Faransanci ake koyar da waɗannan siffofi, amma maginin da ya ƙetaro daga can ya kama aiki da namu, awonsu na 3 da 4 da 5 bai taɓa saɓawa ba.

Inda masu suka suka fi gaskiya shi ne rashin tsayayyun kalmomi. Da'ira da alwatika da murabba'i da mustaɗili sun zauna, amma wani malami zai ce kusurwa wani ya ce kwana, kalmar “fili” tana ɗaukar wurin da kuma girmansa, “da'ira” kuma ba ta bambance zoben da abin da ke cikinsa ba. Yaron da ya sauya makaranta ko aka sauya masa malami sai ya rikice. An taɓa yin aiki a kan wannan: a 1987 aka buga jerin kalmomin kimiyya da lissafi na firamare a harsuna tara na Nijeriya, har da Hausa da Fulatanci. Sai dai littafin da bai iso hannun malami ba, da shi da babu duk ɗaya. Wannan aiki ne da ba a gama ba, kuma ba hujjar zama ba ce. Kalmomin da ɗan ƙaramar sakandare ke bukata a wannan fanni ba su wuce takarda biyu ba.

Batun lokaci da cunkoson aji gajere ne. Gaskiya ne aji mai yara fiye da kujeru yana da wuyar fitarwa fili, manhaja kuma tana kora. Amma makon da aka kashe a kan igiya a aji ɗaya yana rage makonnin da ake ɓatawa ana maimaita abu guda a aji uku, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Gwangwanin kayan lissafi ba kowane uba ne ke iya saya ba. Igiya da kara da tsohon kwali kuwa suna kowane gida. Darasin kusurwa da jiha ma yana da allo a kowace unguwa, domin alƙiblar wannan yanki tana wajen digiri 70 daga arewa, wato ta karkata kimanin digiri 20 daga gabas sak zuwa arewa, kuma yaro na iya gwada wannan a jikin masallacinsu.

Roƙona uku ne, kowanne da mai shi. Malaman lissafi na makarantun ƙaramar hukumar Bagudo su zauna wuri ɗaya kafin sabon zango, su daidaita a kan jerin kalmomi guda, kowace da Hausarta da Turancinta da sharuɗɗanta, su nemi Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke Argungu ta duba musu, a liƙa shi a bangon kowane aji. Shugabannin makarantu su daina ɗaukar malamin da ya fitar da yara fili a matsayin mai gudun aiki. Ku kuma iyaye, ranar da za a fitar da harsashin ɗaki, ko a shata rumbu, ko a auna gona, ku kira yaron, mace ko namiji, ku miƙa masa bakin igiyar, ku tambaye shi dalili.